Sharhi: Kare muhalli a jami'o'in Sahel, ina aka kwana bayan bikin ƙaddamarwa?

A farkon watan Agustan 2023, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse layin da ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na wutar lantarkin da take sha. Birnin Yamai ya koma rabon wuta unguwa-unguwa, kuma layin bai dawo ba sai bayan da ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkuminta a ranar 24 ga Fabrairun 2024. A hayin kogin Isa, wato kogin Neja, akwai babbar jami'ar ƙasar, wadda ke ɗauke da sunan Abdou Moumouni Dioffo, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana nuna cewa ƙasashen Sahel za su iya samun makamashi daga rana. Duk da haka, abin da ya ɗan sauƙaƙa wa birnin wahalar a ƙarshen shekarar shi ne tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30, wadda aka gina da tallafin Faransa da Tarayyar Turai.

Wannan lamari ya isa ya nuna abin da batun kare muhalli a harabar jami'a ke nufi a yankinmu. A Turai da Amurka ana maganar rage hayaƙin da jami'a ke fitarwa, da hanyoyin keke, da rarraba shara gida-gida. A Yamai, Marwa, Njamena, Tamale ko Kano, maganar ta fi kusa da tukunya: shin za a samu wuta a ɗakin gwaje-gwaje, famfon ɗakin kwanan ɗalibai zai kawo ruwa, za a iya zama a zauren lacca da tsakar rana a watan Afrilu, kuma ambaliya ba za ta rufe makaranta ba? Amsoshin waɗannan tambayoyi suna shafar aljihun iyaye kai tsaye, musamman Hausawan Kamaru, Chadi, Ghana, Benin da Togo, waɗanda da yawansu ke tura ƴaƴansu karatu nesa da gida, wani lokaci ma a ƙetaren iyaka.

Alkawarin da ya haura shekara 30

Batun ba sabo ba ne. A watan Oktoban 1990, shugabannin jami'o'i daga sassan duniya suka haɗu a garin Talloires na ƙasar Faransa bisa gayyatar Jean Mayer, shugaban jami'ar Tufts ta Amurka, suka sa hannu kan wata sanarwa mai ƙudurori 10. A cikinta sun yi alkawarin cewa jami'a za ta koyar da kula da muhalli, kuma za ta zama abin misali a aikace cikin harabarta. Daga cikin waɗanda suka fara rattaba hannu akwai Farfesa Adamu Nayaya Mohammed na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Farfesa Ayo Banjo na Ibadan, da Farfesa Akilagpa Sawyerr na Jami'ar Ghana. Ke nan Afirka ta Yamma tana cikin zauren tun ranar farko.

Kafin Talloires ma akwai aikin Abdou Moumouni. An haife shi a Tasawa a 1929, ya yi karatun kimiyyar fiziks a Faransa, ya yi aikin binciken hasken rana a Bamako cikin shekarun 1960, sannan ya dawo gida ya jagoranci hukumar ONERSOL daga 1969 zuwa 1985. A can aka riƙa ƙera na'urorin ɗumama ruwa, da na girki, da na tace ruwa, duk da zafin rana. Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979, ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992. A ɗaya ɓangaren iyaka kuma, tun farkon shekarun 1980 aka kafa cibiyar binciken makamashi a jami'ar Sakkwato, wadda ta yi aiki kan murhu mai tsimin itace da na'urar busar da amfanin gona.

Saboda haka ba za a ce yankin ya rasa masana ko tunani ba. Abin da ya kamata a bincika shi ne dalilin da ya sa ilimin da aka tara cikin shekara 50 bai sauya kamannin harabar jami'o'in da aka samar da shi a cikinsu ba sai kaɗan.

Kuɗin wuta ne ya tayar da maganar

Abin da ya farkar da hukumomin jami'o'i a ƴan shekarun nan shi ne takardar biyan kuɗin wuta da kuɗin man janareta. A Najeriya an janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuma cikin watannin da suka biyo baya jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista, suna kafa hujja da tsadar gudanarwa. A watan Afrilun 2024 kuma aka ɗaga farashin wuta ga masu amfani da layin da ake kira rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kan kowane kilowat a awa. Manyan jami'o'i da asibitocin koyarwa da yawa suna kan wannan layi. Shugabanninsu suka fito suna kuka cewa kuɗin wuta na wata guda ya zarce abin da gwamnati ke ba su na gudanarwa, har aka kai ga yanke wa wasu wuta saboda bashi.

Tun kafin wannan, hukumar samar da wuta a karkara ta Najeriya, REA, ta ɓullo da shirin sama wa jami'o'in tarayya 37 da asibitocin koyarwa 7 wutarsu ta kansu. A ranar 3 ga Satumban 2019, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da tashar Jami'ar Bayero ta Kano, mai megawat 7.1, wadda ta haɗa farantan hasken rana da batura da injinan dizal. Zangon farko na shirin an biya shi ne da kuɗin gwamnati, na biyu da rancen Bankin Duniya, na uku kuma da na Bankin Raya Afirka. Jami'ar Maiduguri da asibitinta na koyarwa suna cikin zango na biyu. Wani abin lura a shirin shi ne an haɗa da horar da ɗalibai mata kan aikin kafa tashar a kowace jami'a.

A arewacin Kamaru matsalar ta zo ta wata fuska. Jihohin Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa sun dogara ne kan madatsar Lagdo, kuma duk shekarar da ruwa ya yi ƙasa sai Garwa, Marwa da Ngaundere su shiga duhu. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar tsakanin 2022 da 2023 sun rage zafin abin. Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, tana da sashen koyar da makamashi mai sabuntuwa a makarantarta ta injiniyoyi, ga kuma sabuwar Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, wadda ke da damar da tsofaffi ba su samu ba: ta tsara gine-ginenta tun daga tushe da lissafin rana da zafi.

A kan takarda, jami'a na cikin wuraren da hasken rana ya fi dacewa da su. Yawancin wutar da take sha da rana ne, lokacin lacca da aikin ofis da gwaje-gwaje, daidai lokacin da farantai ke samar da wuta. Tana da rufin gine-gine masu faɗi da filin da ba a gina ba. Farashin wutar hasken rana kuma ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a duniya tsakanin 2010 da 2023.

Inda gizo ke saƙar

Matsalar tana farawa ne washegarin ranar da aka yanke kirtanin buɗewa. Ƙurar hunturu kan lulluɓe farantai cikin ƴan kwanaki, kuma farantin da ba a share ba yana rage wutar da yake bayarwa ƙwarai. Zafi ma na cin nasa rabon: duk digiri ɗaya da zafin faranti ya haura 25, ƙarfinsa kan ragu da kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100, don haka farantin da ya kai digiri 65 da tsakar ranar bazara ya yi asarar kusan kashi 14. Batir mai ruwan dalma, wanda aka fi sani a kasuwanninmu, kwanansa na raguwa da rabi a duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 na zafin ɗakin da aka ajiye shi. Na zamani mai sinadarin litiyam ya fi juriya, amma shi ma yana da wa'adi, kuma sauya shi na buƙatar kuɗin waje. Na'urar juya wuta, wadda masu sana'ar ke kira inbata, ba kasafai take kai shekarun farantai ba.

Duk waɗannan abubuwa sanannu ne, ana iya lissafa su tun kafin a fara aiki. Abin da ke kawo cikas shi ne tsarin kuɗi. Mai ba da tallafi yakan biya kuɗin gini, ya ɗauki hoto, ya tafi. Kasafin jami'ar gwamnati kuwa albashi da alawus ɗin ɗalibai da abinci ne ke cinye mafi yawansa, kuma da wuya a ga layi na musamman da aka ware don sauya batura bayan shekara 8 ko 10. Idan kamfanin da ya gina tashar ya kammala wa'adin kula da ita, ba tare da an horar da ma'aikatan jami'a ba, kuma ba a ajiye kayan gyara ba, lalacewar ƙaramin abu ɗaya na iya tsayar da tashar gaba ɗaya. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Akwai misalin da ya bi wata hanya. A 2014 Jami'ar Strathmore da ke Nairobi ta kafa farantai masu kilowat 600 a kan rufin gine-ginenta. Rance ta karɓa mai sauƙin ruwa daga wani bankin cikin gida, cikin kuɗin da hukumar raya ƙasashe ta Faransa, AFD, ta tanada don irin waɗannan ayyuka. Tunda bashi ne da za a biya daga abin da aka rage na kuɗin wuta, jami'ar tana da dalilin tabbatar da cewa farantan suna aiki kullum. Ta kuma ƙulla yarjejeniyar sayar wa kamfanin wuta na Kenya rarar da ba ta sha ba, ta mai da rufin nata wurin horar da masu kafa sola.

Strathmore jami'a ce mai zaman kanta, kuma ba kowace jami'ar gwamnati ke da ikon cin bashi ba. Amma darussa biyu sun shafi kowa. Na farko, a buɗe asusu na musamman da za a riƙa zuba wani kaso na kuɗin da aka rage daga dizal, don ranar da batura za su mutu. Na biyu kuma na gwamnatoci ne: jami'a na yin hutun watanni a shekara, kuma idan doka ba ta ba ta damar tura rarar wuta cikin layin NIGELEC ko takwarorinsa a biya ta ba, wutar watannin hutu ta tafi a banza.

Dashen itace da ƙidayar watan Mayu

Abin da aka fi gani a hotunan jami'o'inmu idan ana maganar muhalli shi ne shugaban jami'a riƙe da shebur da butar ban-ruwa. A Nijar tun 1975 ake haɗa bikin samun ƴancin kai na 3 ga Agusta da ranar dashen itace. Kamaru ta farfaɗo da shirin Sahel Vert a 2008 a jihar Arewa Mai Nisa. Ghana ta ƙaddamar da ranar dashen itace ta ƙasa a watan Yunin 2021 da burin dasa miliyan 5 a yini guda. Ɗalibai na cikin waɗanda ake fitarwa a duk waɗannan bukukuwa.

Alƙaluman da ake sanarwa na itatuwan da aka dasa ne, ba na waɗanda suka rayu ba. Dashen da aka sa a ƙasa a watan Agusta yana da makonni 6 zuwa 8 na ruwan sama, sannan ya fuskanci rani na wata 8. A ƙa'ida kuma watan Agusta lokacin dogon hutu ne, ɗaliban da za su kula da shi suna gida. Idan harabar ba ta da katanga, awaki da tumakin maƙwabta za su gama da shi kafin hunturu. Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka, wadda Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007 da burin farfaɗo da kadada miliyan 100 kafin 2030, ta ci karo da wannan matsala: rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna cewa kimanin kadada miliyan 4 kawai aka gyara a ainihin yankin shirin.

Abin mamaki shi ne babbar nasarar da yankin ya samu ta fito ne daga gonakin Maraɗi da Damagaram. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoma suka fara barin tohon da ke fitowa daga kututturen itatuwan da aka sare, su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, su sassabe sauran. Wannan shi ake kira sassaben zamani. Binciken da masana na Nijar irin su Mahamane Larwanou suka yi tare da takwarorinsu na waje, da taimakon hotunan tauraron ɗan adam, ya ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan kadada miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 ta wannan hanya. Tohon kututture yana da saiwa mai zurfi tun asali, ba ya buƙatar ban-ruwa. Gawo kuma, wanda ya fi yawa a waɗannan gonaki, yana zubar da ganye da damina ya ba shuka haske, ya yi ganye da rani lokacin da ake neman inuwa.

Jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa da aka kafa a 2010, da na Agadas, Diffa, Doso da Tillaberi da suka biyo baya a 2014, galibi an ba su filaye a bakin gari, inda irin waɗannan kututture suke. Killace wani sashe na filin a bar aduwa, magarya, kalgo, sabara da gawo su toho ya fi arha a kan sayen dubban dashen dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, maina ko darbejiya. Dogon yaro yana da amfaninsa a bakin hanya da gaban aji, amma harabar da ke da itace iri ɗaya ba ta zama ɗakin karatu ga ɗalibin aikin gona ko na gandun daji. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai kuma batun ƙasar kanta. Ɗamarar itatuwa ta Yamai, wadda aka fara a 1965 don kare birnin daga iska da rairayi, ta sha yanka daga masu rabon fuloti har ta rasa babban ɓangarenta. Filin jami'a da ba shi da takardar mallaka da iyaka bayyananniya yana fuskantar irin wannan haɗari yayin da gari ke matsowa.

Zafi, gini da ambaliya

A ranar 3 ga Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali. A irin wannan yanayi, zauren lacca da aka gina da bulon siminti da kwanon rufi, aka cusa ɗaruruwan ɗalibai a ciki, ba wurin koyo ba ne idan wuta ta ɗauke. Yawancin gine-ginen jami'o'inmu an zana su ne da zaton cewa na'urar sanyaya ɗaki za ta yi aiki dare da rana, kuma ita ce ke cin kaso mafi tsoka na wutar. Duk kilowat ɗin da aka rage ta hanyar gini mai sanyi, faranti da batir ne da ba sai an saya ba.

Ana da misalai a kusa. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker ta zanen gini, ya gina kwalejin fasaha a Kudugu da ƙasar wurin gauraye da ɗan siminti, da rufi mai ƙofofin da iska mai zafi ke fita ta sama. A Dandaji ta jihar Tawa, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018. Kafin su, masallacin Yama da magini Falke Barmou ya gina ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Ginin ƙasa mai kauri da soro mai tsayi abu ne da Hausawa suka sani tun kaka da kakanni. Abin da ke hana shi shiga jami'a shi ne ƙa'idojin ba da kwangila da aka rubuta da siminti da ƙarfe a zuciya, da kuma kallon da ake yi wa ginin ƙasa a matsayin na talaka.

Ruwa shi ne ɗaya fuskar. A watan Satumban 2020 kogin Isa ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, abin da ba a taɓa gani ba, kuma unguwannin hayin kogi, inda jami'a da asibitin Lamorde suke, na cikin waɗanda ruwa ya fi ci. A 2024 ambaliya ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya a Nijar, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. A Chadi adadin ya kusa miliyan biyu. A ranar 10 ga Satumban shekarar, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri har cikin asibitin koyarwa na jami'a. Duk tsarin kare muhalli da bai ƙunshi magudanan ruwa, da ɗaga na'urori masu tsada da ɗakunan ajiyar littattafai daga ƙasa ba, ya bar baya da ƙura.

Harabar da ruwa ke ci da damina ita ce ke ƙishirwa da rani. Jami'ar Valley View da ke Oyibi kusa da Akara ta fara tun farkon shekarun 2000, tare da abokan hulɗa daga Jamus, tara ruwan sama daga rufi da sake amfani da ruwan wanka da na bayan gida wajen noma da samar da iskar girki. A jami'o'in Sahel, ruwan alwala kaɗai da ke malala daga masallatan haraba sau biyar a yini zai iya rayar da itatuwa masu yawa idan aka ja masa bututu zuwa gindinsu.

Leda da murhun gidan abinci

Kalmar leda ɗaya ce daga Kano zuwa Njamena, matsalar ma ɗaya ce. Hukumar birnin Njamena ta tsaurara haramcin leda a 2010, Kamaru ta fara aiki da nata haramcin a 2014, Nijar ma ta kafa doka a shekarar. Amma ledar ruwan sha da ta cefane na nan ko'ina, tana toshe magudanai, dabbobi na haɗiye ta, idan aka ƙona ta kuma hayaƙinta na cutar da huhu. Jami'a wuri ne mai ƙofa da hukuma ɗaya, don haka dokar da ta gagara a kasuwa za ta iya aiki a cikinta. Sharaɗin shi ne a fara samar da famfunan ruwan sha mai tsabta, domin ɗalibin da ba shi da inda zai cika gora ba zai daina sayen ruwan leda ba.

Gidajen abincin ɗalibai na dafa wa dubban mutane kullum. Inda ake girki da itace ko gawayi, jami'ar da ke dasa itace a gabanta tana cin daji ta bayan gida. Nijar da Chadi duk sun fara tace mai a gida a 2011, a Damagaram da Jarmaya, abin da ya ƙara samuwar iskar gas. Sai dai kwarewar Chadi ta 2009, lokacin da aka haramta gawayi kafin gas ya wadata har gidaje suka shiga wahala, ta nuna cewa hani ba tare da madadi ba talaka yake dannewa. Hakan ya shafi mata masu sayar da abinci a bakin ƙofar jami'a, waɗanda ya kamata a sa su cikin shiri tun farko.

Ma'aunin wa za a bi?

Tun 2010 Jami'ar Indonesiya ke fitar da jerin GreenMetric, wanda ke auna jami'o'in duniya kan abubuwa 6: fili da gine-gine, makamashi, shara, ruwa, sufuri, da koyarwa da bincike. Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan ta daɗe tana kan gaba. Shiga irin wannan jeri na da fa'ida ɗaya babba, domin yana tilasta wa jami'a ta san yawan wutar da take sha da ruwan da take zubarwa, alhali da yawa ba su da mita a kan kowane gini. Amma jami'o'i ne ke cika bayanan da kansu, kuma matsayi a jeri ba ya gaya wa uba ko ɗakin kwanan ƴarsa na da ruwa.

Nahiyar Afirka baki ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ma'aunin da ya dace da jami'ar Sahel ya fi sauƙi: awa nawa aka yi babu wuta a ɗakin gwaji cikin wata, lita nawa ta dizal aka ƙona, digiri nawa ne zafin aji da ƙarfe biyu na rana, kwana nawa aka rasa na karatu saboda ruwa ko zafi, itace nawa suka rayu. Ɗalibai za su iya tattara waɗannan alƙaluma a matsayin aikin kammala karatu, a manna su a allon sanarwa kowane zango.

Abin da ya rage ga al'umma

Ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025 ta sauya siyasar yankin, amma ƙurar hunturu da ambaliya ba su san iyaka ba. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974, da shirin WASCAL mai hedikwata a Akara wanda ke horar da ɗaliban ƙasashe daban-daban kan sauyin yanayi da makamashi a Jami'ar Abdou Moumouni, da cibiyar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero, duk hanyoyi ne da masana ke ci gaba da haɗuwa. Harshen Hausa na iya ƙara wata hanyar. Mai gyaran sola daga Katsina da ɗalibin injiniya na Maraɗi ko Garwa ba sa buƙatar tafinta, ko da ɗaya ya yi boko da Turanci ɗaya da Faransanci. Yanzu da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, babu hujjar barin sakamakon bincike kan itace, ruwa da murhu a cikin kundayen Faransanci da manomi da magini ba za su karanta ba.

Ga matasan zango-zango na Kumasi, Akara, Duwala ko Kwatano, wannan fanni sana'a ce da ke buɗewa: kafa farantai, gyaran inbata, haƙa da kula da rijiyar burtsatse mai aiki da rana, buga bulon ƙasa. Jami'ar da ta buɗe gajeren horo ga waɗanda ba su da takardar shiga digiri za ta samu masu kula da kayanta, unguwannin da ke kewaye da ita kuma su samu abin yi.

Ƙungiyoyin ɗalibai, na malamai da na iyaye sun saba fitowa kan alawus da kuɗin rajista. Kuɗin dizal da na wuta suna cikin abin da ke tura kuɗin rajistar sama, don haka suna da haƙƙin tambaya duk lokacin da aka ƙaddamar da sabon aiki: wa zai kula da shi bayan kamfani ya tafi, nawa aka ware don gyara, ma'aikata nawa aka horar? Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. Itatuwan da za a dasa a watan Agusta mai zuwa, a koma a ƙirga su a watan Mayu kafin saukar ruwan farko, a kuma sanar da adadin a gaban mutanen da aka gayyata ranar biki.